Ina Amfanin Ƙarfin da Mota Ba Ta Iya Ɗauka?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, muna neman aron hankalinku a kan wata magana wadda a ido take kamar ta 'yan gareji kaɗai, alhali kuwa ta shafi aljihunmu, ta shafi lafiyarmu a bisa hanya, ta kuma shafi irin amfanin da muke yi da ilmin da iyayenmu suka turo mu nema.

Akwai wani abokinmu da ya riga mu gama karatu, ya kama aiki a wata ma'aikata a nan cikin birnin Sakkwato. Ya yi adashi, ya yi tsimi, ya haɗa da ɗan bashi, ya sayi wata ƙaramar mota ta hannu, mai turbo, mai giyar hannu. Bai yi wata biyu da ita ba sai aka kawo masa labarin wani saurayi mai kwamfuta, wanda yakan shiga ƙwaƙwalwar mota ya sake mata lissafi, ƙarfinta ya ƙaru, shan mai kuma wai ya ragu. Abokin namu ya je, ya biya, cikin sa'a guda aka gama, ko sifana ba a ɗauka ba. Da yamma ya kwashe mu ya miƙa hanyar Kalambaina, mota kuwa ta riƙa zabura kamar dokin da aka sa wa ƙaimi, kowa a ciki yana sa albarka. Amma da muka komo cikin gari muka faɗa cunkoson titin Ahmadu Bello, sai ya bar ta a giya ta huɗu tana tafiya sannu, ya taka totur don ya wuce wani ɗan kabu-kabu. Nan take motar duka ta ɗauki karkarwa kamar mai masassara, sandar giya tana rawa, madubi yana rawa, wani gurnani yana tasowa daga ƙarƙashin kujeru. Da allurar inji ta haura 2,000 sai komai ya lafa, kamar ba a yi ba. Kashegari ya koma wurin mai kwamfuta, amsar da ya samu ita ce: "Malam, ba komi ba na, ƙarhi na yay yi mata yawa, za ta saba."

Mu a namu ra'ayi, rabin farko na wannan magana gaskiya ne, ƙarfi ya yi wa motar yawa. Rabin ƙarshen ne ba mu yarda da shi ba, domin ƙarfe ba ya sabo da wahala, sai dai ya yi ta gajiya a ɓoye har ranar da zai karye. Abin da muke son mu tabbatar a nan shi ne, duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar sauran sassan mota yadda suke, to bashi ya ci daga jikin motar, kuma wannan karkarwa ita ce takardar farko da mai bin bashi ya aiko.

Bari mu fara da yadda ƙarfi ke fitowa, domin wanda bai san asalin ciwo ba bai san magani ba. Mutane da yawa suna zaton inji yana juyawa ne lami lafiya kamar fanka. Ba haka ba ne. Inji duka yake yi, bugu bayan bugu, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. A inji mai silinda huɗu, irin wanda ke cikin yawancin motocinmu, fetur yana kama wuta sau biyu a kowane juyi ɗaya na karanshaf. In inji yana juyi 1,500 a minti, bugu 3,000 ke nan a minti, wato 50 a kowace daƙiƙa. In ya kai juyi 3,000, bugun ya zama 100 a daƙiƙa. To, ga inda lissafin yake da muhimmanci: in kana son mota ta yi aiki iri ɗaya a juyi 1,500 da wanda za ta yi a juyi 3,000, dole ne kowane bugu ya ninka nauyi, tun da yawan bugun ya ragu da rabi. Kowa ya san in taɓare suna sauka da sauri, marasa nauyi, turmi yakan zauna daram. In kuwa suna sauka ɗai-ɗai da dukan ƙarfi, har ƙasa sai ta amsa.

Masu ƙera mota sun san da wannan, shi ya sa suka jera masu tare duka tsakanin inji da taya. Na farko shi ne wani faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji, wanda kanikawa ke kira fulawil, aikinsa ya haɗiye bugu ya sake shi a hankali. A motoci da yawa na zamani faifan nan biyu ne a haɗe, da sifirin a tsakaninsu, dabarar da kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙerawa da yawa a 1985. Daga nan sai kuloci, sai giyabos, sai shaf da ke kai juyi ga taya, sai kuma robobin da inji ke zaune a kansu, masu hana rawarsa isa ga jikin mota. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an auna shi ne daidai da ƙarfin murɗa da injin zai bayar ran da ya bar masana'anta. Har ila yau akwai wani abu da duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya sani: in turi ya dace da tafiyar lilo, ɗan turi kaɗan yakan kai shi sama. Su ma waɗannan ƙarafa da sifirin suna da nasu lilon, kuma sau da yawa a ƙaramin juyi ne bugun inji ke dacewa da shi. Saboda haka masu ƙira sukan taƙaita ƙarfin inji da gangan a wannan wuri.

To, me mai kwamfuta ya yi? Ya shiga lissafin da ke gaya wa inji yawan iskar da turbo zai cusa, da yawan fetur, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, ya ɗaga su duka. Kuma da yake abin da mai mota ke ji a bayansa in ya taka totur shi ne ƙarfin murɗa na ƙaramin juyi, a nan ne aka fi zuba ƙarin, don mai biya ya ji daɗin kuɗinsa tun kafin ya bar layin. Ma'ana, an ɗage takunkumin daidai wurin da aka sa shi don kariya. Sai sifirin ɗin fulawil ya matse har ƙarshe, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. Kuloci ya riƙa kamawa yana zamewa. Robobin mazaunin inji, waɗanda dama shekaru sun busar da su, su kasa riƙe shi. A motar otomatik kuma akwai wani kuloci a cikin tulun da ke haɗa inji da giyabos, wanda ke kamewa don rage shan mai, shi ma in ƙarfi ya fi shi sai ya riƙa kamawa yana saki, ka ji kamar ka hau gargada alhali kana bisa kwalta mai sumul. Wannan duka ita ce karkarwar da muka ji a titin Ahmadu Bello.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne inda muke zaune. Irin wannan lissafi da ake saukowa da shi daga intanet yawanci an rubuta shi ne don motocin Turai, masu shan fetur mai lamba 95 ko 98, masu shaƙar iska mai sanyi. Mu kuwa ƙa'idar fetur ɗin Nijeriya lamba 91 ce, kuma ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata wa mutane injuna. Ga zafin bazarar Sakkwato, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Iska mai zafi da fetur mai ƙaramar lamba, in suka haɗu da matsin turbo a ƙaramin juyi, sukan sa fetur ya fashe a silinda ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwaƙwalwar mota takan ji wannan ta ja baya da wuta, ta sake matsowa, ta sake ja, bugu ya daina daidaito, in abin ya yi tsanani har fistin yakan fashe. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Ga kuma shekarun motar kanta, wadda wani ya ci ƙuruciyarta a wata ƙasa kafin ta tsallako ruwa ta iso hannunmu.

Akwai kuma wata sabuwar ɗabi'a da tsada ta koya mana. Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023 da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kowane mai mota ya shiga dabarar tsimin mai. Wasu suka sa aka rage musu silo har inji yana neman mutuwa a tsaye, da yawa kuma suka koyi jefa giya ta huɗu ko ta biyar tun mota ba ta yi gudun da ya kai ba. Duba fa yadda kwaɗayi biyu suka haɗu a wuri ɗaya: muna son ƙarfin dokin sukuwa, muna kuma son cin abincin jaki, duka biyun kuwa a ƙaramin juyin inji muke nemansu, wurin da ƙarafan mota suka fi rauni. Abin da aka tsimi a gidan mai cikin wata shida, rana ɗaya ake miƙa shi ga mai sayar da safaya, har a ciko.

Wannan sha'awa ta mota mai zafi ba a kanmu aka fara ba. A 1975, shekarar da aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sake wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, a shekarar ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara harhaɗa motoci. Wanda ya fito jami'a a wancan zamani ya kama aikin gwamnati yakan sami lamunin sayen mota, iyayenmu kuwa su ma samari ne a lokacin, sun kai motocinsu an taɓa musu kafireto don su ƙara kuzari. Sai dai akwai bambanci. Bakaniken wancan lokaci da kunne yake aiki da sukundireba, abin da ya ƙara kaɗan ne, in mota ta ƙi kuma a gabanka zai mayar da sukurun inda yake. Na yau kuwa yana iya ƙara abu mai yawa cikin minti kaɗan, ba ka ga abin da aka cire ba, ba ka ga abin da aka sa ba. A wannan shekara ta 1975 ɗin dai Peugeot 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, a hannun direba Ove Andersson. Duk mai son ya san yadda ake ƙara wa mota ƙarfi bisa gaskiya, ya dubi irin waɗannan motocin tsere: ana ƙarfafa jikinsu da ƙafafunsu da birkinsu, a rufe musu ciki da farantin ƙarfe, sannan a zo kan inji. Mu kuwa mun fara daga inda su suke gamawa, mun kuma tsaya a nan.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai motarsa ce, guminsa ne, ina ruwan mujallar ɗalibai? Wani kuma ya ce, ai kamfanoni da kansu sukan sayar da inji iri ɗaya a matakan ƙarfi dabam-dabam, ashe ke nan akwai rarar da suka ɓoye. Mun yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba mu kuma ce duk wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar mota ya yi ɓarna ba. Akwai masu yin aikin da sani, su auna kafin su fara, su auna bayan sun gama. Amma mai wannan hujja ya tuna, in kamfani ya fitar da mai ƙarfin, sau da yawa yakan haɗa ta da kuloci mafi ƙarfi da birki mafi girma da na'urar sanyaya iska mafi faɗi, rarar da aka bari kuma an bar ta ne saboda zafi da mugun mai da tsufa, wato saboda irin ƙasarmu. Batun mota tawa ce kuwa, gaskiya ne muddin tana ajiye a ƙofar gida. Ranar da ka ɗauko iyali za ka Gusau ko Illela, ka fita wuce tirela a inda hanya take falan ɗaya, ka taka totur, inji ya yi kuka, kuloci ya zame, mota ta ƙi gaba, ga wata babbar mota ta taho, to ran nan maganar ta zama ta kowa da ke bisa hanyar.

Ga wanda ya riga ya shiga wannan hali, shawararmu ita ce ya fara gane daga ina karkarwar take. Ya sami hanyar da ba kowa, ya kai gudun da take yi masa, ya sauko da giya ɗaya ba tare da ya sake gudun ba. In ta ɓace, to daga inji ne da abin da ke bayansa. In kuwa tana nan ko a wace giya, har in ya taka kuloci mota na gangarawa, to ya nemi taya da ƙafa. Bayan haka ya sa a duba fulogi da kwayil da robobin mazaunin inji, a sa na'ura a ga ko akwai silindar da ke tsallake wuta, domin ƙarin matsi yakan tona asirin fulogin da dama ya gaji. Kafin a gama binciken, kada ya taka totur da ƙarfi in allura tana ƙasa da 2,000, ya sauko da giya, ɗan man da zai ƙara sha bai kai kuɗin giyabos ba. Mafi sauƙin magani kuma shi ne a mayar da lissafin asali, ko a rage ƙarin da aka zuba a ƙaramin juyi. Muna gargaɗi da babbar murya a kan masu cewa a walde fulawil ya zama guda, ko a sa mazaunin inji mai tauri don ƙara ta ɓace. Dukan da sifirin ke tarewa ba ya ɓacewa don an cire sifirin, wucewa yake yi ya sauka a kan haƙoran giya. Wanda kuwa bai riga ya shiga ba, kada ya bari a taɓa masa mota sai an kwafe lissafin asali an ba shi a hannu, an kuma gaya masa nawa aka ƙara, a wane juyi, don wane irin fetur. In mai aikin ya kasa amsa waɗannan, ya ɗauki makullinsa ya yi gaba. Rigakafi ya fi magani.

Amma kada mu tsaya ga ɗora wa 'yan gareji laifi, domin babban kason laifin namu ne. Mu ne muka yi shekaru muna haddace dokokin motsi da na zafi don cin jarrabawa, sannan mu tsaya a gaban buɗaɗɗen bonet kamar baƙauye a gaban allo, mu miƙa albashin wata ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Kanikawan garin nan suna da basirar da ba a raina ta, su ne suka riƙe motocin da masu su na farko suka daɗe da yar da su. Abin da yawancinsu suka rasa shi ne lissafin da ke bayan abin da hannunsu ya sani, mu kuma abin da muka rasa shi ne hannun. Saboda haka muna kira ga ɗaliban aikin injiniya na jami'a da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su nemi zama da ƙungiyar kanikawa ta NATA, a riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya ne a zango, ɗalibi ya zo da na'urar bincike da lissafi, bakanike ya zo da kunne da gogewa. A kuma rubuta ɗan littafi da Hausa, da sunayen da ake amfani da su a gareji, wanda zai bayyana wa mai mota da yaron gareji abin da ke faruwa tsakanin fistin da taya. Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba, kuma zai fi yawancin kundayen kammala karatu da ke shan ƙura a kanta amfani ga jama'a.

Shi dai abokin namu, bayan wata uku yana jiran mota ta saba, sai da ya kai ta wurin wani dattijon bakanike. Aka sauke giyabos, aka tarar fulawil ya yi lako-lako, kuloci ya ƙone, roba ɗaya ta mazaunin inji ta yage. Da aka nemi lissafin asali don a mayar, ashe mai kwamfuta bai ajiye ba. Abokinmu ya ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?" Dattijon ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, kun aza ma jaki kayan raƙumi. Ku sauke mai kaya tukuna, kana mu yi maganin bayanshi." Har yanzu da muke wannan rubutu motar tana kan duwatsu a garejin, mai ita yana hawan kabu-kabu zuwa ofis, bashin sayenta kuma ana cirewa daga albashinsa kowane ƙarshen wata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Muna fata masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na sashen injiniya, za su aiko da nasu ra'ayi a fitowa ta gaba, ko da saɓanin namu ne. Allah ya kiyaye mu a bisa hanyoyinmu, amin. Haza wasalam.